Waifar Bayan Jif: Ƙaramar Cuta Mai Cin Kuɗin Mai Gaggawa

Duk wanda ya tsaya a bakin babban titi, a Legas ne ko Fatakwal ko Kano, ya zuba wa manyan motocin nan da ake kira jif ido, ba zai jima ba zai lura da wani abu guda. Gaban mota fes, fenti yana walƙiya, amma gilashin baya ya yi butu-butu da ƙura, waifar da aka ɗora masa kuwa ta sandare a karkace, ko kuma robarta ta yage tana reto. In aka tambayi mai motar, amsarsa ba ta wuce ɗayan biyu: ko dai ya ce a haka ya sayo ta, ko kuwa ya ce ya kai gareji an ce sai an sake injin waifar ɗungum, shi kuwa bai ga dalilin kashe kuɗi a kan abin da ya ɗauka ado ne ba.

Duka amsoshin nan biyu akwai gyara a cikinsu. Waifar baya ba ado ba ce, ba kuma kullum ne ciwonta ke kaiwa ga sayen sabon inji ba. Sau da yawa abin da ya tsayar da ita ɗan fis ne, ko waya guda da ta tsinke a gindin ƙofa, ko tsatsa da ta kama ƙarfe, ko ƙasa da ta toshe hanyar ruwan da ba ta fi kafar allura ba. Wanda ya san yadda ake bin sawun cutar daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada, shi ne zai tsira da aljihunsa, ya kuma tsira da ganinsa a hanya.

ME YA SA AKA YI WA JIF ITA?

Mai karatu zai iya tambaya, don me ƙananan motoci masu but ba su damu da waifar baya ba, amma kusan kowace jif tana da ita? Dalilin yana ga ƙirar jikin motar. Gilashin bayan ƙaramar mota a kwance yake, iska tana saukowa daga rufi ta bi ta kansa ta wuce. Bayan jif kuwa a tsaye yake kamar bango. Idan tana gudu, iskar da ta biyo rufi da gefuna takan rabu da jikinta farat ɗaya, sai ta bar wani gurbi a baya inda take juyawa kamar ƙaramar guguwa. Wannan juyi shi ke tsotso ƙurar hanya da taɓon da tayoyin baya suka watsa, ya manna su a gilashi. Tsofaffin direbobin da suka yi jigila da Fijo 504 mai dogon baya, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, sun san wannan tun tuni, domin tsumma ba ya rabuwa da su.

Ita waifa kanta tsohuwa ce. Wata mata mai suna Mary Anderson, 'yar jihar Alabama ta Amurka, ta sami takardar mallakar fasahar share gilashin gaba a 1903, a lokacin da hannu ake juya ta. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da mai aiki da lantarki a 1926. Ta baya ba ta yaɗu ba sai da motoci masu tsayayyen baya suka yawaita, kuma Volvo 145 ta ƙasar Suwidin tana cikin waɗanda suka yi fice da ita tun daga 1969.

Amfaninta yakan fito fili a lokuta biyu. Na farko a babbar hanya cikin ruwan damina ko hazon hunturu, inda direba ke bukatar ganin tirelar da ta matso shi kafin ya taka birki. Na biyu, wanda ya fi ban tsoro, a ƙofar gida. Jif doguwa ce, ko gilashinta a wanke yake akwai fili a bayanta da direba ba ya gani, balle a ce gilashin ya dushe. Yaro ƙarami da ya biyo mahaifinsa don yi masa rakiya ba ya sanin ribas. Saboda irin wannan haɗari ne Amurka ta wajabta sa kyamarar baya a sababbin ƙananan motoci daga watan Mayu na 2018. Amma ita ma kyamarar ƙurar nan ba ta ƙyale ta ba, don haka ba ta ɗauke wa gilashi aikinsa ba.

YADDA ABIN YAKE TAFIYA

Kafin a nemi cuta, sai a san jiki. Hanyoyi biyu ne suka haɗu a gilashin baya, ta wuta da ta ruwa. Wuta tana tasowa daga batir, ta ratsa fis, ta jira umarni daga makunnin da ke gefen sitiyari. A tsofaffin motoci makunnin ne ke tura ta kai tsaye ko ta hanyar ɗan akwatin da ake kira rile. A sababbi kuwa wata ƙaramar kwamfuta ce ke karɓar umarnin ta yanke hukunci. Daga nan waya ta bi tsawon motar har baya, ta tsallaka cikin ƙofar but, ta isa ga injin waifa. Injin yana juya wani faifai mai haƙora, faifan yana kaɗa ɗan ƙarfen da ya ratso waje, wanda kanikawa ke kira shaf, a kansa kuma aka ɗaure hannun waifa da noti.

Ruwa kuwa yana tasowa daga tankin roba da ke gaba, ɗan famfo ya tura shi cikin siririn tiyo wanda ke bin ƙarƙashin kafet ko cikin silin, tafiyar da takan kai mita 4 ko fiye, ya tsallaka ƙofa, ya fita ta bakin feshi. Kowace gaɓa a cikin hanyoyin nan biyu tana iya cizawa, kuma kowace tana da alamarta.

KUNNE DA IDO KAFIN SIFANA

Gwanayen masu gyaran wayar mota ba sa fara kwance komai sai sun saurara. Aikin mutum biyu ne: ɗaya ya zauna ya murɗa makulli ba tare da ya ta da inji ba, ya kunna waifa, ɗayan ya tsaya a baya ya kasa kunne a jikin ƙofa. Abin da zai ji bai wuce uku ba.

In ya ji injin yana gudu lafiya lau amma hannun waifa bai motsa ba, to wuta ta iso, ba ruwan fis ko waya. Ko dai notin da ya ɗaure hannun ya saki, ƙananan tsagogin da ke riƙe shi a kan shaf suka side, ko kuwa haƙoran faifan ciki, waɗanda galibi na roba ne, sun cinye. A ɗaga murfin notin a duba: in shaf yana kaɗawa hannu yana tsaye, ɗaure noti ko sake hannu shi ne magani. In ya ji gurnani ko nishi, waifar ta ɗan yunƙura ta tsaya, wannan alamar wani abu ya riƙe ta ne, kuma sai a kashe nan take kada injin ya ƙone. In kuwa shiru ya ji, ko ƙas babu, to a koma ga hanyar wuta.

Akwai kuma wadda ke aiki amma ba ta komawa mazauninta, da an kashe sai ta tsaya a tsakiyar gilashi, ko kuma ta ƙi tsayawa sam. Wannan laifin wani ɗan makunni ne da ke cikin injin, wanda aikinsa shi ne ya ci gaba da ba shi wuta har hannun ya kwanta. Daskararren giris yakan rufe fuskarsa, gogewa kawai takan dawo da shi.

ƘOFA DA FIS

Abu na farko da ya kamata a tabbatar, ko da yake zai ba wasu dariya, shi ne ƙofar baya ta rufu sosai. Motoci da dama an ƙera su ne yadda waifar baya ba za ta motsa ba muddin suna jin ƙofar a buɗe take. Toyota 4Runner, wadda gilashin bayanta ke sauka cikin ƙofa, ba ta barin waifa ta yi aiki sai gilashin ya hau har ƙarshe. Haka nan jif masu gilashin da ke buɗewa shi kaɗai. Idan fitilar da ke nuna ƙofa a buɗe ta ƙi mutuwa a gaban direba alhali ko'ina a rufe yake, to ɗan makunnin da ke cikin makullin ƙofar ne ke yi wa motar ƙarya, injin waifa ba shi da laifin komai.

Sa'an nan sai fis. Waifar baya takan sami nata fis dabam da na gaba, famfon ruwa ma wani lokaci da nasa. Akwatin yana ƙarƙashin sitiyari ko kusa da inji, an kuma zana taswirarsa a cikin murfi. A motocin Toyota da yawa RR WIP ake rubutawa. Launin fis yana nuna ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. A zaro shi a ɗaga ga haske, in siririn ƙarfen tsakiya ya tsinke, a sa wani mai lamba iri ɗaya.

Amma fa fis ba ya mutuwa haka kawai. Mai gadi ne, ya ga wuta ta yi yawa ya sadaukar da kansa. In aka sa sabo ya sake tsinkewa, akwai waya da ke taɓa jikin mota, ko kuwa injin ya cije yana jan wuta fiye da kima. Dabarar nan ta naɗa waya ko takardar sigari mai ƙyalli a madadin fis, ko sa mai lamba 30 inda aka ce 15, ita ce hanyar da ke mai da ƙaramin gyara gobara. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

GINDIN ƘOFA, MAƁOYAR CUTA

In ƙofa lafiya, fis lafiya, to akwai wuri guda da ya cancanci a duba kafin a taɓa inji. Tsakanin jikin mota da ƙofar baya, kusa da hinji, akwai wata baƙar roba mai kama da maƙogwaro. Duk wayoyin da ke shiga ƙofar ta cikinta suke bi, sau da yawa har da tiyon ruwa. A jif masu ƙofar da ke ɗagawa sama, tana can bisa kusa da rufi. A masu buɗewa gefe, irin su tsofaffin Prado da RAV4 ta kafin 2013 da tsohuwar Honda CR-V, tana gefen da hinjin yake.

Duk sa'ad da aka buɗe ƙofa aka rufe, wayoyin nan sai sun lanƙwasa sun miƙe, kuma a wuri ɗaya. Wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san yadda ake yi, lanƙwasawa ake ta yi har ta gaji. Motar da ta shekara 10 ko 15 a hannun iyali a Amurka ko Turai kafin ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas ko ta Kwatano, an buɗe bayanta sau dubbai. Zafin ranar ƙasar nan kuma ya zo ya busar da rigar wayar ta tsage. Siraran zaren jan ƙarfen da ke ciki sukan tsinke ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari saura biyu ko uku, su ma wata rana su rabu.

Wannan cuta tana da shaidu. Ba kasafai take kama waifa ita kaɗai ba. Fitilar lamba takan mutu, makullin but ya riƙa ƙin amsawa, kyamarar baya ta riƙa ɗaukewa, ko fitilar birki ta sama ta daina kamawa. Wani lokaci waifar takan yi aiki yau ta ƙi gobe, ko ta farka da kanta in an faɗa rami. In wayar da ke mai da wuta jikin mota ce ta tsinke, akan ga abin mamaki, domin wutar takan nemi wata hanya: a kunna waifa fitilar lamba ta riƙa lumshewa.

Gwajin ba wuya. A zame robar daga mazauninta a hankali, a duba wayoyin ɗaya-ɗaya, a ɗan ja kowace. Wadda ta tsinke a ciki rigarta na nan lafiya takan miƙe kamar danƙo. In motar irin wadda ba ta barin waifa ta yi aiki ƙofa a buɗe ce, sai a tura bakin sukudireba cikin makullin ƙofar ya kama, motar ta ɗauka an rufe, sa'an nan a kunna waifa a riƙa motsa wayoyin. Kada dai a manta a saki makullin kafin a buga ƙofar.

Wajen gyara ma akwai inda ake kuskure. A fara cire kan batir. Murɗa bakin waya biyu a naɗe da baƙin tef daidai inda ta tsinke, gyaran wata biyu ne, domin mahaɗin ya fi sauran wayar tauri, nan zai sake karyewa. Abin da ya dace shi ne a yanke tsawon da ke lanƙwasawa duka, a sa sabuwar waya mai laushi mai kauri iri ɗaya, a yi mahaɗi ɗaya cikin jikin mota, ɗaya cikin ƙofa. A kuma mai da robar mazauninta sosai, in ba haka ba ruwan sama zai sami ƙofar shiga.

TSATSA DA RASHIN AMFANI

Waifar da ke nishi ko tafiyar hawainiya, galibi shaf ɗinta ne ya cije. Ruwa yakan bi ta gefensa ya shiga, tsatsa ta ɗaure shi da bututun da yake juyawa a ciki. Motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sun fi zuwa da wannan. Iskar bakin teku mai ɗauke da gishiri da laima tana ƙara masa. Sa'an nan ga rashin amfani: waifar da ta yi wata 6 na rani ba a taɓa ta ba, ranar ruwan farko ake neman ta tashi.

A nan ma ba lalle sai sabon inji ba. A manna tef a gilashi don shaida inda hannun yake kwanciya, a kwance noti, a girgiza hannun a hankali har ya saki. A cire rufin roba na cikin ƙofa, a zare filogi, a kwance kusoshin da ke riƙe injin, waɗanda galibi 3 ne. A buɗe shi, a fitar da shaf, a goge tsatsar, a wanke tsohon giris a sa sabo. Wajen mayarwa akwai ƙa'ida guda: a kunna injin a kashe ba tare da hannu ba, ya tsaya a mazauninsa, sa'an nan a ɗaura hannun daidai shaidar tef. Wanda ya tsallake wannan zai ga waifarsa tana share fenti maimakon gilashi. A kuma yi hattara da yatsu, domin ɗan injin nan yana da ƙarfi, kada kuma a saki hannun waifa marar roba ya faɗa wa gilashi.

Hukuncin ƙarshe a kan inji mita ce ke yanke shi. A ɗora ta a bakin filogi, a kunna makunni. In wuta kimanin bolt 12 ta iso, hanyar komawarta jikin mota ma lafiya, shaf kuma ba a cije yake ba, amma injin ya ƙi motsi, to yanzu ne ya halatta a ce ya mutu. In wuta ba ta iso ba, ko inji goma aka saya ba wanda zai juya. Sai a koma baya, ga wayoyi, ga rile, ga makunnin sitiyari. A sababbin motoci masu kwamfuta, gara a yi amfani da mita maimakon kwan gwaji, a kuma guji tsattsaga wayoyi barkatai.

Wadda ke kaɗawa amma ba ta sharewa kuwa, robarta ce ta ƙare, ko gaɓar hannun ta yi tsatsa ba ta danna gilashi. Robar baya gajeruwa ce, galibi tsakanin inci 10 da 16, maƙalinta kuma ya sha bamban da na gaba, don haka a tafi kasuwa da tsohuwar.

IN RUWA YA ƘI FITOWA

Hanyar ruwa ita ma da kunne ake fara ta. A cika tanki tukuna. A wasu motoci an ɗora famfon baya sama da na gaba a jikin tankin, don in ruwa ya yi ƙasa a bar wa gilashin gaba ragowar. Mai mota sai ya ga gaba yana feshi ya ɗauka akwai ruwa isasshe. Wasu tsofaffin jif ma tankin baya dabam yake, a ɓoye a gefen but, mai motar bai taɓa sanin da shi ba. Bayan an cika, a danna makunni na 'yan daƙiƙoƙi, domin in tiyo ya bushe ruwa yana ɗaukar lokaci kafin ya isa baya. Kada dai a wuce daƙiƙa 10 a jere, ɗan famfon ba ya jure gudu a bushe.

In ba a ji ƙarar famfo ba, sai a duba fis da filoginsa. Motocin da ke da famfo biyu suna da sauƙin gwaji: in filogin iri ɗaya ne, a ɗora na gaba a kan famfon baya, in ya tashi, famfon lafiya, wutarsa ce ba ta zuwa. Wasu motocin, musamman na Turai, famfo ɗaya gare su mai baki biyu, yana juyawa dama ya ba gaba, ya juya hagu ya ba baya. A irin waɗannan, in aka danna na baya ruwa ya fito a gaba, ko dai an musanya tiyo wajen wani gyara, ko ɗan marfin da ke cikin famfon ya lalace.

In famfo yana ƙara amma ruwa bai fito ba, sai a raba hanyar gida-gida. A zare tiyo a bakin famfo a danna. In ruwa bai fito ba ko yana ɗiga, matatar da ke gindin famfon ta toshe, sai an cire tankin an wanke. In ya fito da ƙarfi, a mayar, a je a zare a gindin ƙofa. In ya iso nan, a zare a bayan bakin feshi. Inda ruwa ya tsaya, nan cutar take. Bakin feshi mai kafa ɗaya ana iya buɗe shi da siririyar allura a hankali, ko a jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗan ruwan khal, a hura iska ta baya. Irin na zamani mai watsa ruwa kamar mafici kuwa, allura ɓata shi take yi. Akwai kuma ɗan marfi a kan tiyon kusa da baya, mai hana ruwa komawa tanki. In ya toshe ruwa ba ya wucewa, in ya saki sai ruwa ya riƙa jinkiri ko ya riƙa zuba da kansa.

Alamar da ta fi kowace haɗari ita ce tanki yana raguwa amma gilashi a bushe. Ruwan yana zuwa wani wuri. Tiyo ya zare ko ya fashe, ko ɓera ya ci shi, yana zuba cikin silin ko ƙarƙashin kafet ko ramin safaya. Wanda ya ji warin danshi a motarsa, ko ya ga taswirar ruwa a silin, ya daina danna makunnin har sai an gano wurin, domin ruwan nan yakan sauka a kan makullin but da mahaɗan waya, allura ta tono garma. A wasu motocin Turai ma tiyon ta tsakiyar shaf yake bi, in ya yoyo cikin injin waifa yake zuba ya kashe shi. Mai bin tiyo ta cikin silin kuma ya tuna akwai jakar iska ta kariya a gefen rufin motoci da yawa, ba wurin cusa ƙarfe ba ne.

ABIN DA AKE ZUBAWA A TANKI

Yawancin toshewar nan daga hannun mai mota ko mai wanki take farawa. Garin sabulun wanki ba ya narkewa duka, yakan kwanta a gindin tanki ya zama kunu. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai kauri yakan bar farin dafi a kafar feshi kamar yadda yake bari a butar shayi. Tsurar ruwa da ya daɗe a tanki cikin zafi kuwa yakan yi gansakuka. Har wa yau akwai batun lafiya: a 2010 masu bincike na hukumar kare lafiyar jama'a ta Ingila sun ba da rahoton cewa direbobin da ba sa sa maganin wanke gilashi a ruwan tankinsu sun fi fuskantar kamuwa da mugun ciwon huhun da ƙwayar Legionella ke haddasawa. Abin da ya dace shi ne tsabtataccen ruwa da maganin da aka yi domin wannan aiki, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin gora. A sani kuma da yawa daga cikin magungunan nan suna da sinadarin metanol, dafi ne mai makantarwa har ya kashe, launinsu kuma yana kama da na lemon kwalba. A ajiye su nesa da yara.

A GAREJI DA KASUWA

Ba kowa ne zai iya kwance ƙofar motarsa ba, kuma ba aibu ba ne a kai wa masu sana'a. Sai dai wanda ya je da sani ya fi wanda ya je da kuɗi kawai. Aikin mai gyaran waya ne, ba na mai gyaran inji ba. In ya ce sai an sake inji, tambaya ɗaya ta isa: "Malam, ka gwada ka ga wuta tana isowa bakin filogin?" Mai gaskiya zai ɗauko mita ya nuna. In ya tabbata sai an saya, ko a Ladipo ta Legas ne, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja, a tafi da tsohon, a gwama lamba da bakin filogi, domin mota iri ɗaya takan sauya inji daga shekara zuwa shekara. In na hannu ne, a sa mai shago ya ɗora shi a batir ya juya a gaban mai saye kafin kuɗi su fita.

Bayan gyara, kiyayewa ba ta da tsada. A kunna waifar baya da ruwanta sau ɗaya a mako, ko da rani ne, don shaf ya motsa, ruwa ya zaga. Kada a kunna ta a kan busasshiyar ƙura, domin yashi yana cin roba yana karce gilashi. A sake robar kafin faɗuwar damina, a kuma leƙa robar gindin ƙofa duk lokacin da aka je juyen mai. Mai jif da ya riƙe waɗannan, ranar da hadari ya haɗo yana tsakiyar hanya, ko ya sa ribas yara suna wasa a ƙofar gida, zai ɗaga ido ga madubi ya ga abin da ke bayansa.